Mai Sayar da Inshorar da Ya San Ajalin Kowa: Lacca a kan Wani Kashi na The X-Files

 

Da aka ce in zo in yi magana a kan fim, na san wasu sun zaci zan ɗauko tarihin sinima tun daga tushe. Abin da na zo da shi bai kai haka ba. Minti arba'in da 'yan kai ne kacal, kashi guda daga cikin wani shiri mai dogon zango na ƙasar Amurka. Amma mutanen da suka kalle shi a daren 13 ga Oktoba, 1995 har yau ba su gama gardama a kansa ba, kuma 'ya'yansu sun taso sun karɓi gardamar daga inda iyayen suka tsaya. Abin da ya jawo haka shi nake son mu duba.

Sunan shirin The X-Files. Chris Carter ne ya ƙirƙiro shi, tashar Fox ta fara nuna shi a watan Satumba na 1993, ya yi zango tara zuwa 2002, aka sake tado shi a 2016 da 2018, ya tashi da kashi 218 gaba ɗaya. Labarin jami'ai biyu ne na hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, waɗanda aka ɗora wa fayilolin da kowa ya rasa kansu: mutuwar da likita ya kasa bayani, ɓatan mutum ba sawu, halittun da ba a san irinsu ba. Fox Mulder, wanda David Duchovny ya fito a matsayinsa, mutum ne mai saurin gaskata abin al'ajabi, domin ya yi imani wasu halittu daga sararin samaniya ne suka sace ƙanwarsa suna yara. Dana Scully kuwa, wato Gillian Anderson, likita ce da aka turo ta sa masa ido, ba ta karɓar magana sai da hujja. Duk da haka ita ce mai addini a cikinsu, 'yar ɗarikar Katolika, ga ƙaramin gicciye kullum a wuyanta. Ku riƙe wannan bambanci nasu, zai yi mana amfani.

Masoyan shirin tun farko gida biyu ne. Akwai masu bin babban labarin, na makircin gwamnati da baƙin halittu, wanda ake jan zarensa daga zango zuwa zango. Akwai kuma masu son kashin da ke tsaye da ƙafarsa, wanda ake kawo dodo guda a gama da shi a dare ɗaya. Ni a gida na biyu nake, kuma ba zan ɓoye ba: babban labarin ya yi ta tsawo har ya harɗe, mai saƙar ma ya rasa bakin zaren. Amma in aka tara gidajen biyu aka ce kowa ya faɗi gwaninsa, sunan da ya fi yawan fitowa shi ne kashi na huɗu na zango na uku, Clyde Bruckman's Final Repose, ma'ana kwanciyar ƙarshe ta Clyde Bruckman. Darin Morgan ne ya rubuta, David Nutter ya ba da umarni. A 1996 ya ci lambar Emmy biyu, ɗaya ta marubucin, ɗaya ta Peter Boyle, dattijon da ya fito a matsayin Bruckman.

Ga yadda labarin yake. A birnin St. Paul na jihar Minesota, wani yana bin 'yan duba yana kashewa, masu duba tafin hannu, masu duba da kati, har da mai duba a gindin kofin shayi. 'Yan sanda sun rasa madafa, sai suka gayyato wani shahararren boka na talabijin mai suna Yappi. Ya shigo ɗakin da aka yi kisan da rangwaɗa, yana ɗaga gira, jama'a na neman sa hannunsa. Me ya gano? Wai mai kisan Bature ne, matashi ko mai matsakaicin shekaru, wataƙila da gemu wataƙila babu, kuma za a tsinci gawa kusa da ruwa. Duk wanda ya taɓa jin yadda ɗan duba ke cin kuɗin mutane ya san wannan salo: a faɗi magana mai faɗi kamar tabarma, duk inda ka zauna ta ɗauke ka. Abin dariyar shi ne da Yappi ya ce akwai mai toshe masa gani da mugun nufi a ɗakin, kowa ya juya wajen Scully, shi kuwa sai ya kori Mulder.

A can gefe kuma akwai wani tsoho mai sayar da inshorar rai, yana zaune shi kaɗai a wani ɗan gida, yana kwashe wa maƙwabciyarsa tsohuwa shara. Shi ne Clyde Bruckman. Ya je zubar da shara ya tarar da gawa a cikin bola. Da ake yi masa tambayoyi sai Mulder ya lura tsohon nan ya san abubuwa game da gawar waɗanda ido bai isa ya nuna masa ba. A hankali gaskiya ta fito: Bruckman yana ganin abu ɗaya tak daga abin da ke gaba, wato yadda kowane mutum zai mutu. Ba ya ganin arziki, ba ya ganin aure, tikitin cacar da yake saya ma ba ya ci. Mutuwa kaɗai.

Kafin in wuce, mu cire wata ƙaya. Mu a nan mun san gaibu na Allah ne, babu wanda ya san abin da zai aikata gobe balle ƙasar da zai cika. Labarin nan ƙirƙira ce, kamar yadda Gizo ke magana a tatsuniya ba wanda ya ce gizo-gizon da ke saƙa a kusurwar ɗaki yana da baki. Marubucin ya ari abin da ba zai yiwu ba ne don ya yi tambayar da za ta yiwu: da a ce an ba mutum wannan sani da ɗan Adam ke ta kwaɗayi, me zai zame masa?

Muna cewa rashin sani ya fi dare duhu. Darin Morgan ya kawo mana mutumin da sani ne ya zame masa duhun. Akwai wani wuri da Bruckman ke zaune da wasu sababbin ma'aurata yana tallar inshora. Mijin yana ta kaucewa, wai kuɗin jirgin ruwa yake so ya saya da su. Sai tsohon ya kasa riƙe bakinsa, ya shiga zayyana masa yadda nan da shekara biyu wani bugagge zai yi karo da motarsa, har da inda gawarsa za ta faɗi. Kasuwa ta watse, ba shakka. Mai kallo yana dariya, amma dariyar tana da ɗaci, domin ka gane wannan mutum bai taɓa kallon fuskar kowa ba tare da ganin ƙarshenta ba. Yaya zai yi aboki? Yaya zai nemi aure? Shi ya sa ya tsufa shi kaɗai da kwalbarsa. Kuma ku duba zaɓin sana'ar. Inshorar rai gaba ɗayanta a kan rashin sanin ranar mutuwa aka gina ta, kamfani yana lissafi da ƙiyasi, mai saye yana biya saboda tsoro. Sai aka ɗauki mutum ɗaya da ya san amsar aka sa shi a tsakiyar wannan ciniki, kuma ko kwabo bai ƙaru da sanin ba.

Ta yaya abin ya same shi? A nan ne rubutun ya fi burge ni. Ba aljani ne ya shafe shi ba, ba gado ya yi ba. Ya ce abin ya faro ne daga haɗarin jirgin sama na 3 ga Fabrairu, 1959, wanda ya faru da gaske a kusa da Clear Lake ta jihar Iowa, ya halaka mawaƙa uku, Buddy Holly da Ritchie Valens da wanda ake kira Big Bopper. Bruckman masoyin Big Bopper ne. Ya ji cewa da ƙuri'ar jefa kwabo mawaƙin ya sami kujera a jirgin, sai ya shiga tunanin duk ƙananan abubuwan da suka haɗu, a rayuwar mutumin da ta wasu, har suka kai ga ransa ya rataya a kan juyawar kwabo guda. Ya yi ta tunani, ya yi ta tunani, har idonsa ya saba da bin sarƙar dalilai zuwa ƙarshenta. Masu bin ƙwaƙƙwafi cikin masoyan shirin sukan ɗaga hannu a nan su ce an yi kuskure, kuma suna da gaskiya: a tarihi Ritchie Valens ne ya ci kujerarsa da kwabo daga hannun Tommy Allsup, shi kuwa Big Bopper mura ce ta kama shi, Waylon Jennings ya bar masa tasa. Ni wannan tuntuɓe bai taɓa ɓata mini rai ba. Har ma yakan ba ni dariya in na tuna cewa mutumin da ya gina rayuwarsa duka a kan wannan kwabo, ashe kwabon na wani ne.

Wannan ɗabi'a tasa ta bin sarƙa tana fitowa a wani wuri mai sanyi. An kai shi ɗakin wata mata da aka kashe, ɗakin cike da 'yan tsana da take tarawa. Mulder yana ta matsa masa ya faɗi wani abu game da mai kisan, shi kuwa tsohon hankalinsa yana kan 'yan tsanar. Me ya sa wannan mata ta zaɓi tara su? Rana ɗaya ce abin ya shiga ranta, ko kuwa jerin abubuwa ne tun kafin a haife ta suka tura ta har ba ta da wata hanya? Binciken kisa ake yi, amma tambayar ƙaddara da zaɓi ce ta shigo ta taga, irin wadda malaman tauhidi suka daɗe suna kai-kawo a kanta. Kuma an yi ta ne da bakin wani gajiyayyen tsoho mai ɓarkwanci, ba wanda ya ji ana yi masa karatu.

Shi mai kisan, ashe ma'aikacin otal ne mai kai wa baƙi kaya da abinci, kuma shi ma yana ɗan gani. Yana hango kansa yana aikata munanan abubuwa kafin ya aikata, sai ya ɗauka shi ɗan tsana ne da wani ke ja da zare. Dalilin zuwansa wurin 'yan duba ke nan, yana son a gaya masa abin da ya sa yake yin abin da yake yi, in suka kasa sai ya kashe su. Ƙaddara ta sa otal ɗin da 'yan sanda suka ɓoye Bruckman shi ne inda yake aiki. Ya shigo da tire, suka dubi juna, kowa ya gane kowa. Ya zauna ya yi wa tsohon tambayarsa. Amsar da ya samu gajeriya ce: kana kisa ne don kai mahaukacin makashi ne, ba wani sirri a ciki. Sai fuskar yaron ta washe kamar wanda aka sauke wa kaya. Na daɗe ina juya wannan wuri. Mutum biyu ne da cuta iri ɗaya, dukansu sun yarda an riga an rubuta komai. Ɗaya ya mai da wannan yarda lasisin ɓarna, ɗayan ya mai da ita dalilin naɗe hannu. Marubucin bai wanke ko ɗaya ba.

Yanzu bari mu zo ga inda masoya suka fi tada jijiyar wuya, wurare biyu ne.

Na farko ɗakin girki ne. Tun da wuri Bruckman ya hango wa Mulder cewa zai bi mai kisan cikin wani kicin, zai taka wani kek mai ayaba da aka yar a ƙasa, ya sunkuya ya duba, sai a zo ta baya a yanke masa maƙogwaro. Rana ta zo, ga kicin ɗin otal, ga kek a ƙarƙashin takalmi. Mulder ya tuna, ya juya da sauri, sai aka far masa ta inda bai zata ba. Wuƙa ta ɗaga ke nan sai ƙofar lif ta buɗe, Scully ta fito ta harbe mai kisan. Da aka tambaye ta yadda ta san suna nan, ta ce ba ta sani ba, kuskure ta yi ta hau lif ɗin ma'aikata. Mai kisan ya faɗi yana mamaki, domin ba haka ya gani ba. To, me ya faru? Wasu suka ce wannan hujja ce cewa abin da aka hango yana iya sauyawa, gargaɗin tsohon ya yi aiki. Wasu suka ce a'a, abin da Bruckman ya gani tun farko mafarkin mai kisan ne, ba abin da zai auku ba, don haka ba abin da ya sauya. Wasu kuma suka ce kuskuren Scully ma yana cikin rubutun. Ni dai abin da na ɗauka shi ne ganin Dala ba shiga birni ba. Duka masu hangen biyu sun ga kek, sun ga wuƙa, ba wanda ya ga matar da ta danna maɓallin da ba shi ba. Kuma ba banza ba ne aka sa ceton ya zo ta hannun wadda ba ta yarda da duba ba.

Na biyu ya fi zafi. Da dare Scully ce ke gadin Bruckman a ɗakin otal, suna hira. Ta daɗe tana ƙin tambayarsa, daga ƙarshe ta kasa daurewa, ta ce to ita yaya za ta mutu. Ya dube ta ya ce ba za ta mutu ba. Shi ke nan, aka wuce, ba ƙarin bayani.

Wannan 'yar amsa ta haifi gardamar shekara da shekaru. Masu cewa a ɗauke ta a zahiri suna da abin kafa hujja. A zango na shida, cikin 1999, Vince Gilligan, wanda daga baya ya ƙirƙiro Breaking Bad, ya rubuta wani kashi mai suna Tithonus. A ciki akwai wani mai ɗaukar hoto, Alfred Fellig, wanda mutuwa ta tsallake shi ya rayu fiye da ƙarni guda yana nemanta. Da aka harbi Scully tana gab da cikawa, sai ya ce ta rufe ido, shi ya kalli mutuwar a madadinta, ya tafi, ita ta tashi. Suka ce to ga cikar maganar Bruckman. A 2016 kuma, a wani kashi da shi Darin Morgan ɗin ya rubuta, Scully da bakinta ta tsokani Mulder cewa ai ya manta ita ba ta mutuwa.

Duk na ji, amma ban bi su ba. A ganina tsohon tausayi ya yi mata. Ya fi kowa sanin abin da wannan sani ke yi wa mutum, ya ga yarinyar da ta zauna da shi ta saurare shi duk da ba ta gaskata shi ba, sai ya ƙi ɗora mata kayan da ya karya masa wuya. Na san raunin maganata, kuma gara in faɗa da kaina kafin wani ya tashi ya faɗa. Bruckman ba maƙaryaci ba ne a ko'ina cikin labarin. Da ɗan sanda Havez, mashayin sigari, ya tambaye shi ko kansar huhu ce za ta kashe shi, ya ce masa a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Havez ya yi ajiyar zuciya ya kunna taba, ba a jima ba wuƙar ma'aikacin otal ta same shi. Mutumin da ya ƙi yi wa Havez ƙarya, me zai sa ya yi wa Scully? Amsata ita ce Havez ɗin ne ma shaidata. Tsohon ya san ranar mutumin ta zo, ya ba shi iya abin da zai kwantar masa da rai, ya haɗiye sauran. Wanda ya iya wannan ya san bambancin gaskiya da abin da ya kamata a furta. Abin da Gilligan ya yi bayan shekara uku da 'yan watanni basira ce, amma tasa ce, ya tsinci zaren da wani ya yar ya saƙa hula da shi.

In ɗan ratse kaɗan, sunayen da ke cikin labarin ma suna da nasu labarin. An yi Clyde Bruckman na gaske, marubucin barkwanci a zamanin finafinan da ba a magana. Shi da Buster Keaton suka ba da umarnin The General a 1926, ya yi aiki da Harold Lloyd da W. C. Fields da Laurel da Hardy. Da zamani ya juya masa baya, aiki ya ƙare, kuɗi suka ƙare, ya kashe kansa a 1955 da bindigar da ya ara a hannun Keaton. 'Yan sanda biyu na cikin labarin, Cline da Havez, sunayen abokan aikin Keaton ne, Eddie Cline da Jean Havez. Wani daga cikin waɗanda aka kashe kuma an sa masa Claude Dukenfield, daga sunan yanka na W. C. Fields. Wanda ya san wannan tarihi, tun daga sunan kashin ya san inda aka dosa, ya zama shi ma ɗan ƙaramin Bruckman, yana dariya yana ganin ƙarshe. Kek ɗin da Mulder ya taka ma daga can aka aro shi, domin jifa da kek tsohon abin dariya ne na waɗancan finafinai.

Peter Boyle, wanda ya rasu a 2006, ɗan wasan barkwanci ne, an san shi tun Young Frankenstein na 1974. Amma a nan ko murya bai ɗaga ba. Kafaɗa a sauke, ido a gajiye, yana faɗin abu mafi ban tsoro kamar mai ba da labarin farashin gero. Har mafarkin da Bruckman yake yi kullum, na ganin kansa kwance cikin jajayen furanni jikinsa yana ruɓewa a hankali, ya ba da shi ne kamar mai kwatanta wurin hutu.

A wancan daren na otal Bruckman ya gaya wa Scully wani abu kuma. Ya ce ya hango ƙarshen su biyun, yana kan gado, tana riƙe da hannunsa cikin tausasawa, hawaye na bin fuskarsa. Ta ɗauka tsoho ne ke neman wuce gona da iri, ta ce masa wannan karon kam dubansa ya ɓata. Bayan an gama da mai kisan suka koma gidansa, suka tarar da wasiƙa a ƙofa. Maƙwabciyarsa tsohuwa ta rasu cikin dare, ya roƙi Scully ko za ta karɓi ɗan karenta. Suka shiga ciki suka same shi a kan gado ya riga ya kashe kansa. Ba a ƙawata abin ba, ba a kuma nuna shi a matsayin mafita ba, an nuna mutum ne da ya ga hanya ɗaya ya ɗauka babu wata, alhali sa'o'i kaɗan kafin nan ƙofar lif ta buɗe ta ƙaryata irin wannan zato, shi dai ba ya wurin balle ya gani. Scully ta zauna a bakin gadon ta kama hannunsa, wani ɗigon danshi ya gangaro a kumatunsa.

Ta ɗauki karen, ta sa masa suna Queequeg, sunan wani mai farautar kifi da mashi a littafin Moby-Dick. Ko zangon bai ƙare ba wani kada ya cinye shi a bakin tafki, kuma akwai masoyan da har yau ba su yafe wa marubuta wannan ba. A daren da aka rufe kashin dai yana kwance a cinyarta, tana kallon wani tsohon fim na Laurel da Hardy. Fim ya ƙare, talla ta shigo, sai ga Yappi yana ɗaga gira, yana kiran jama'a su bugo waya ya gaya musu abin da ke gabansu. Scully ta miƙa hannu ta ɗauki tarho kamar za ta buga, sai ta wurga shi kan talabijin ɗin.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Na ga hannaye biyu a sama tun ina maganar lif, a ba su dama.